Garin Siliyam Ba Ya Aiki Sai da Ruwa

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata damuwa da yawancinmu muke fama da ita, amma kunya ta hana mu faɗa, watau bushewar ciki. Wanda cimarsa kullum burodi ce da farar shinkafa da taliyar leda, ga zaman aji tun safe har la'asar, ba abin mamaki ba ne ya kwana uku bai zagaya ba. Wasunmu sai su ce basir ne, su nufi mai tallar magani a bakin tasha. Wasu kuwa, musamman ƙananan ma'aikata, sun koma ga wani gari da ake sayarwa a kantunan magani, mai suna siliyam. Mu ba mu ga laifin garin ba, yadda ake shansa ne ya dame mu.

Siliyam ɓawon 'ya'yan wani tsiro ne da aka fi nomawa a Indiya, a jihohin Gujarat da Rajastan, inda ake kiransa isabgol. Shi ne a cikin Fybogel na Ingila da Metamucil na Amurka. Aikinsa dabam yake da na filasko, wanda yake tsikarar hanji har ciki ya murɗa. Shi ruwa yake tsotsewa, ya kumbura, ya yi yauƙi kamar miyar karkashi, da haka bayan gida yake yin laushi ya fita ba tare da yunƙuri ba. Yana kuma rage kitsen jini, har ma a 1998 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a kwalinsa cewa yana iya rage haɗarin ciwon zuciya.

To, inda amfaninsa yake, nan haɗarinsa yake. Abin da zai kumbura a hanji zai iya kumbura a maƙogwaro. Wanda ya afa shi busasshe, yadda muka saba afa garin magani, ya kora da kurɓi ɗaya, yana iya shaƙewa, ko kuwa garin ya dunƙule ya toshe masa hanji. Ƙullin Fybogel mai giram 3.5 yana bukatar ruwa aƙalla mililita 150, masu Metamucil kuwa 240 suka ƙayyade, watau kusan rabin ledar fiya wata. A dama, a shanye nan take kafin ya yi kauri, kada a sha dab da kwanciya barci, sannan a ci gaba da shan ruwa duk yini, balle da bazara. Wanda yake gudun shan ruwa don ƙyamar bayin ɗakin kwana (kuma mun san suna da yawa), gara ya bar garin a kanti.

A fara da kaɗan, domin yakan sa kumburin ciki a kwanakin farko. Ba ya kuma gaggawa, yakan ɗauki rabin yini zuwa kwana uku, saboda haka kada a ninka shi don ƙosawa. Mai shan maganin farfaɗiya, ko na zuciya, ko na ƙarin jini, ya bar tazarar awa biyu tsakani, domin garin yana hana jiki tsotse wasu magunguna. Mai ciwon sukari ya tambayi likita tukuna. Amma wanda haɗiya take yi masa wuya, ko yake ganin jini a bayan gida, ko ciwon ciki mai tsanani da amai, asibiti ne nasa, haka ma wanda ya sha mako guda bai ga canji ba.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla giram 25 na irin wannan dusa kowace rana, kuma daga abinci. Wake yana da ita, haka kuka da zogale da kuɓewa da geron da ba a surfe shi tas ba. Muna roƙon shugabannin ƙungiyarmu su zauna da masu sayar da abinci a makaranta, a dawo mana da fate da dambu da tuwon dawa, a farashin da ɗalibi zai iya.