Ciwon haƙorin yaranmu: cirewa ba ita kaɗai ce mafita ba

A ƙauyukanmu na bakin Shuɗin Nilu, daga Mai Wurno zuwa garuruwan da ke kewaye da Sinnar da Sinja, magani biyu kawai muka sani ga ciwon haƙori: a daure, ko a cire. Yaro zai kwana yana kuka, a tura masa kanumfari a kogon, a ba shi ƙwayar rage zafi, a ce gobe zai lafa. In kunci ya kumbura har ido ya fara rufewa, sai a nemi kuɗin mota a shiga gari, likita ya duba ya ce an makara, a fizge haƙorin a dawo gida. Ra'ayina shi ne akwai hanya ta uku, mai araha, wadda ba ta buƙatar wutar lantarki ko injin huda haƙori, kuma makaranta ce wurin da ya fi dacewa a fara ta. Abin da ya rage shi ne mu san da ita, mu kuma nemi a kawo mana ita.

Mu fara da haƙorin da aka fi yin asararsa. Idan yaro ya kai wajen shekara shida, wani turmi yana fito masa can ƙarshen baki, bayan haƙoran yarinta, biyu a sama biyu a ƙasa. Babu haƙorin da ke faɗuwa kafin ya fito, shi ya sa iyaye da yawa ke ɗauka cewa shi ma na yarinta ne, zai fita lokacin famfara wani ya maye gurbinsa. To ba haka ba ne. Wannan turmin na dindindin ne, shi yaro zai tauna tuwo da kisra da shi har tsufa. Samansa yana da kwarurruka inda abinci ke maƙalewa, kuma yana fitowa a shekarun da yaro ya fi son alewa, bai kuma iya goge baki da kyau ba. In ya ruɓe aka cire shi, ba wani da zai sake tsirowa. Duk malamin da ke koyar da aji ɗaya zuwa aji uku ya san yaron da ke dafe kunci yana kallon allo ba ya gane komai, ya san kuma yarinyar da ta daina dariya saboda tsoron tsokanar ƙawaye.

Ba mu kaɗai ba ne a cikin wannan hali. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma wajen biliyan 2 daga cikinsu suna da ruɓaɓɓen haƙorin dindindin da ba a yi masa magani ba. Amma dalilin ruɓewar ba asiri ba ne, kuma ba tsutsa ba ce kamar yadda muka taso muna ji. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a kan haƙori suke cin sukarin da muka sha, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan har rami ya buɗe. Yawu yana gyara ɓarnar in aka ba shi lokaci. Matsalar ita ce ba mu ba shi lokaci.

Dubi yadda ranarmu take tafiya. Shayi da madara da sassafe, cokali uku na sukari, ga zalabiya an barbaɗa mata wani sukarin. Da hantsi jabana. Bayan abincin rana shayi, da magariba wani shayin. Yaro na zaune kusa da kakarsa, kowane zagaye sai an zuba masa nasa. Mu mutanen ƙasar rake ne, ga masana'antar sukari ta Sinnar a kusa da mu, ga ta Kenana a Farin Nilu, har baƙon da aka ba shayi mai ƙarancin zaƙi yakan ga kamar an raina shi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 kuwa ita ce, in mutum yana son cikakkiyar fa'ida, sukarin da zai sha a yini kada ya wuce wajen giram 25, wato ƙananan cokula shida. Kofi biyu na irin shayinmu sun cinye wannan kason tun kafin azahar. Kuma yawan lokutan shan ma yana da illa, domin kowane kofi sabon hari ne a kan haƙori.

Yanzu ga maganar ciko. Fiye da shekara ɗari da hamsin likitoci suna cike kogon haƙori da amalgam, wancan ciko mai launin azurfa da ake gani a bakin manya. Yana da ƙarfi, yana daɗewa, yana da araha. Sai dai kusan rabinsa zaiba ce, wadda matasanmu masu zuwa haƙar zinariya suka sani sarai. Saboda gubar zaiba ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013, aka sa mata sunan garin nan na Japan inda dattin wata masana'anta ya gurɓata kifi, mutane suka nakasa, cutar da aka fara ganowa a 1956. Yarjejeniyar ta fara aiki a 2017. A 2022 aka ƙara mata cewa a guji sa amalgam ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa, sai in likita ya ga babu makawa. Tarayyar Turai kuma ta hana amfani da shi daga farkon 2025, in ban da larura.

A nan ina so in ja hankalin 'yan uwa, domin na san yadda labari ke juyewa a WhatsApp. Wanda yake da tsohon cikon azurfa lafiyayye a bakinsa kada ya ruga a ɓamɓare masa shi. Ɓamɓarewar tana cin wani ɓangare na haƙorin, kuma lokacin huda cikon ne tururin zaiba ya fi tashi. Babban dalilin da ya sa duniya ke barin amalgam shi ne zaibar da ke zubewa cikin ruwa da ƙasa da iska. Wanda ke cikin haɗari na gaske shi ne yaron da ke ƙona zaiba a kan garwashi don ya fitar da zinariya, yana shaƙar hayaƙin, ba dattijon da aka yi wa ciko shekara ashirin da suka wuce ba.

Abin da likitocin birni suka koma yi shi ne ciko mai launin haƙori, wanda ake daskarar da shi da shuɗin haske. Yana da kyan gani, amma yana son kujerar likita, da injin tsotse yawu, da wuta da ba ta ɗaukewa, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin manomi. In wannan ne kaɗai zai maye gurbin amalgam, to talaka ya koma ga cirewa ke nan. Sa'ar da aka yi ita ce masu bincike sun daɗe da samo wasu hanyoyin.

Na farko wani irin siminti ne na haƙori da ake kira gilas ayonoma, wanda masana biyu a Ingila, Wilson da Kent, suka fito da shi a farkon shekarun 1970. Gari ne da ruwa ake kwaɓawa. Yana manne wa haƙori da kansa, yana kuma sakin fuloraid a hankali, wanda ke ƙarfafa gefen ramin. A tsakiyar shekarun 1980, wani likitan haƙori ɗan Holan mai suna Jo Frencken, yana aiki a Tanzaniya inda babu wuta babu inji, ya fara kankare ruɓaɓɓen wurin da ƙananan kayan hannu ya cike da wani siminti, daga baya aka koma cikewa da gilas ayonoma. Ana kiran hanyar ART. An gwada ta a ƙauyukan Tailan da makarantun Zimbabuwe a shekarun 1990, aka ga tana riƙewa da kyau a ƙananan ramuka na saman turmi. Sau da yawa ba a buƙatar allurar kashe zafi. Yaro ya kwanta a kan tebur, a haska bakinsa da tocila, kafin a tashi daga darasi ɗaya an gama. Da wannan simintin kuma ana iya toshe kwarurrukan turmin shekara shida tun bai ruɓe ba.

Na biyu wani ruwa ne mai haɗin azurfa da fuloraid, ana ce masa SDF, wanda Japan ta daɗe tana amfani da shi tun wajen 1970. Ɗigo kaɗan ake shafawa a kan ruɓar, sai ta tsaya ta taurare, a maimaita bayan wata shida. Aibinsa ɗaya, wurin da ya ruɓe yana komawa baƙi ƙirin, don haka dole a gaya wa iyaye tun kafin a shafa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa abubuwa uku a jerin muhimman magunguna da ya kamata kowace ƙasa ta tanada: man goge baki mai fuloraid, da gilas ayonoma, da SDF. Ma'anarsa, wanda ya nemi a kawo su cibiyar lafiyar ƙauyensu ba alfarma ya roƙa ba.

Kada a ɗauka waɗannan suna maganin komai. In ruɓa ta kai jijiya, haƙori yana zogi cikin dare, ko dasashi ya tara mugunya, sai likita. Kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa, ko ya hana buɗe baki da haɗiya, ko ya zo da zazzaɓi, wannan na gaggawa ne, yana iya kisa. Amfanin hanyoyin nan shi ne su tare ɓarnar tun tana ƙarama.

Wani zai ce, malam, a wannan halin kake maganar haƙori? Tun Afrilun 2023 ƙasa ke cikin yaƙi. Wad Madani, inda Jami'ar Jazira take kuma inda da yawanmu ke zuwa ganin likita, ta fita daga hannun gwamnati a Disambar 2023, sai a Janairun 2025 ta dawo. Sinja ta faɗi a tsakiyar 2024, aka karɓo ta a Nuwambar shekarar. Ga kwalara, ga tsadar abinci, ga makarantu da suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Duk gaskiya ne, kuma ba na cewa a bar kwalara a kama haƙori. Amma wannan halin shi ne ma hujjata. Asibitin da aka kwashe wa kujeru da injuna zai ɗauki shekaru kafin ya miƙe, yaron da ke da shekara shida yau kuwa turminsa ba zai jira ba. Hanyar da aka ƙirƙiro don wurin da babu wuta, kayanta kuma suna shiga jaka ɗaya, ita ce ta dace da mu yanzu. Kuma yaron da ba ya iya tauna abinci, ɗan abin da aka samu ma ba zai amfane shi ba.

Wani kuma zai ce ai muna da asuwaki, sunna ce, ya ishe mu. Asuwaki alheri ne, kuma bincike ya goyi bayansa. Wani nazari da Isma'il Darout da abokan aikinsa suka wallafa a 2000 a kan manya 'yan Sudan ya nuna cewa dasashin masu amfani da icen arak bai gaza na masu buroshi lafiya ba. Don haka kada kowa ya ji kunyar asuwakinsa. Sai dai kakanninmu da suka taho daga Burmi bayan 1903 suka kafa Mai Wurno ba su sha sukari kamar yadda jikokinsu ke sha ba. Bakin da ke shan zaƙi sau biyar a yini yana buƙatar fuloraid. A haɗa biyun: asuwaki a lokutan alwala, man goge baki safe da kuma kafin barci. Ga ƙaramin yaro ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake ya isa, ya tofar, kada ya haɗiye, kada kuma ya kurkure da ruwa mai yawa.

Akwai al'adu biyu da ya kamata mu yi magana a kansu ba kwana-kwana. Ɗaya ita ce tsaga dasashin jariri ko ƙwaƙule fiƙar da ba ta fito ba, wai ita ke kawo gudawa, abin da maƙwabtanmu ke kira haifat. Gudawar jariri daga ƙwayoyin cuta take, maganinta ruwan gishiri da sukari da zuwa asibiti. Ƙarfen da ba a tsabtace ba yana iya sa masa cuta a jini, yana kuma lalata haƙorin da ke kwance a ƙasa. Ta biyu ita ce tumbak, wato sa'ut, garin taba da aka kwaɓa da kanwa ana cusawa a leɓe. Binciken da Ali Idris da abokansa suka yi a Sudan a shekarun 1990 ya gano yana ɗauke da sinadarai masu haddasa sankara da yawan gaske, ya kuma danganta shi da sankarar baki. Samarinmu suna fara shi tun suna sakandare. Duk gyambon baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, a kai shi ga likita.

Ga abin da nake ba da shawara. Majalisun iyaye da malamai su rubuta wa ma'aikatar lafiya ta jihar Sinnar da ƙungiyoyin agaji da ke aiki a yankinmu, su nemi a sa waɗannan abubuwa uku a cikin kayan cibiyoyin lafiya, a kuma horar da mataimakan likita su riƙa zagaya makarantu sau biyu a shekara, a fara da 'yan aji ɗaya da aji biyu. Ɗaliban koyon aikin haƙori da ke neman inda za su yi aikin sa kai, mu buɗe musu azuzuwanmu, mu ɗauki nauyin abincinsu da masauki. Mu malamai mu ware minti biyar kullum yara su goge baki tare, kamar yadda ake yi a makarantun gwamnati a Filifin. Limamai da malaman allo, waɗanda maganarsu ta fi tamu shiga, su haɗa da batun sukari da tumbak in suna wa'azin tsabta.

Iyaye mata kuma, ku ne da babban aikin, kuma ba ya cin ko sisi. A daren nan ku kunna tocilar waya, ku ce wa ɗan shekara shida ko bakwai ya buɗe baki, ku duba haƙorin ƙarshe sama da ƙasa. In kun ga baƙin ɗigo ko ƙaramin rami, lokacin neman ciko ke nan, tun bai fara ciwo ba. Gobe da safe kuma a rage cokali ɗaya daga shayinsa.

Allah ya ba mu lafiya, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu.