Fijon Baba: da kilo za mu sayar da ita?

Makon jiya wani mai sayen tsohon ƙarfe ya shigo gidanmu a Maraɗi, ya zagaya Fijo 504 ɗin marigayi mahaifinmu sau biyu, ya ƙwanƙwasa ƙofarta, ya taya. Da kilo ya yi lissafinsa. Yayana har ya fara saukowa, don kullum maganarsa ɗaya ce: motar ta cinye rabin tsakar gida, kaji sun mai da ta akurki. Na ce: "Yaya, don Allah a dakata mini." Ya ce: "To malamin tarihi, kai za ka zuba mata mai?"

Ba ni da amsa a lokacin. Motar nan ta fi shekara ashirin tana jigila tsakanin Maraɗi da Katsina, ta Ɗan Isa da Jibiya. Da ita aka biya mana kuɗin lakwal, kuma a cikinta aka kai Inna asibiti daren haihuwar autanmu.

Abin da ya ƙara tsaya mini a rai shi ne, a ƙasar da aka ƙera ta, irin wannan mota tana da takarda ta musamman. A Faransa, idan mota ta kai shekara 30, an daina ƙera irinta, kuma ba a sauya mata siffa ba, mai ita yana iya neman kart giriz ta motar tarihi. Kamfanin da ya ƙera ta ko ƙungiyar masu tsoffin motoci, FFVE, su ke ba da shaida. Daga nan bizit ta koma duk shekara 5 maimakon 2, waɗanda suka girmi 1960 kuma an yafe masu gaba ɗaya. Amma da sharaɗi: ta zama motar shaƙatawa, ba ta neman kuɗi ba. Jamus ma shekara 30 ne, da lamba mai harafin H a ƙarshe, Ingila kuwa sai 40.

Na taɓa shiga wani ofis da takardun Fijon, na tambaya ko akwai yadda za a rubuta ta a matsayin abin tarihi. Ma'aikacin ya dube ni ya yi dariya, ya ce: "Samari, mota dai ko tana aiki ko ta mutu. Taka wacce ce?"

Ra'ayina shi ne muna buƙatar matsayi na uku tsakanin aiki da mutuwa. Kuma mun fi Faransawa haƙƙi a kan 504. A 1968 ta fito, su suka daina yayinta tun tuni, amma a Kaduna an ci gaba da harhaɗa ta daga 1975 har bayan shekara ta 2000. Iyayenmu suna tuna Turawan da ke keto hamada ta Tamanrasset da Arlit da Agadas da tsoffin Fijo, su sayar a nan su koma gida a jirgi. Ita da 404 bashe su suka ɗauki gero, albasa, amare da marasa lafiya a hanyoyin da ba su san kwalta ba. Kai ko a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai an ajiye gangar jikin itacen Tenere da wata babbar mota ta kayar a 1973. Itacen da mota ta buge ya samu rumfa, motocin da suka riƙe gidaje suna tafiya sikeli.

Sai dai ga inda nake tsoro: kada ranar da aka tashi yin dokar a kwafo ta Faransa harafi da harafi, kamar yadda muka saba. Sharaɗin "ba a sauya mata komai ba" zai kayar da kusan duk motocinmu. Injin Fijon Baba ba nata ba ne, na uku ne. An ƙara mata ƙarafa a ƙasa don ta jure lodi, wani mai walda ya ɗora mata wurin kaya a bisa, kujerunta kuma wani tela ne ya sake masu riga. A idon Bafaranshe an lalata ta. A idona wannan facin shi ne tarihin, aikin makanikan da ba su shiga aji ba amma suka raya mota shekaru bayan kayan gyaranta sun yi wuya. In aka bi dokarsu, sai Marsandin wani Alhaji da ta kwana a rumfa shekara talatin ta ci jarrabawa, motar tasha ta faɗi.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma da gaskiyarsu. Tsoffin motoci suna kashe mutane, hayaƙinsu yana cika gari. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da motocin hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Ba na son takardar tarihi ta zama ƙofar da ƴan kasuwa za su shigo mana da shara ba tare da biyan duwan ba. Shi ya sa nake cewa a ba da ita kawai ga motar da ta daɗe da lambar Nijar, ba wadda aka sauke jiya a Lome ba. Wanda ya karɓa kuma ya yarda motarsa ta bar lodin fasinja har abada. Kun ga ke nan ta fita daga tasha ba tare da ta shiga wuta ba. A rubuta hanyar da ta bi, da sunan direba, da na makanikinta, a haɗa da takardar.

Yaya ya ba ni zuwa bayan girbi. Na kori kajin, na ɗauki hotuna, na je garaji wajen tsohon da ya sa mata injin na uku, na kunna waya ya ba ni labari. Awa biyu yana magana. Da zan tafi ya ce in kawo batir ranar Juma'a, shi ya san za ta tashi.