Shugabancin 'Yan Kurket Na Wes Indis

Ran 14 ga watan Yuli na 2025, a filin Sabina da ke birnin Kingiston na ƙasar Jamaika, 'yan wasan kurket na Wes Indis suka sha kunyar da ba su taɓa shan irinta ba. Maki 204 suke nema su cinye Ostareliya, amma kafin a ce kwabo aka fid da su duka da maki 27 tak, bakwai daga cikinsu ko maki ɗaya ba su kawo ba. Tun da aka fara manyan wasannin ƙasa da ƙasa a 1877, sau ɗaya kaɗai aka taɓa yin abin da ya gaza wannan, watau maki 26 da Niyu Zilan ta yi a 1955. Shugaban hukumar wasan ya kira taron gaggawa, ya gayyato tsofaffin gwanaye irin su Kilayib Loyid da Bib Ricads da Birayan Lara don a yi shawara. Jama'ar tsibiran kuwa suka koma kan tsohuwar gardamarsu, watau wa ya kamata ya zama kyaftin, kuma wa zai gaje shi.

Mai karatu da ya saba da ƙwallon ƙafa zai yi mamakin yadda maganar kyaftin ke ɗaukar zafi haka. Dalili kuwa shi ne, a kurket babban wasa yakan ci kwana biyar, kuma da zarar mutum goma sha ɗaya sun shiga fili, mai koyarwa ya zama ɗan kallo. Kyaftin ne ke cewa wane zai jefa ƙwallo da lokacin da zai huta, shi ke tsai da kowa inda zai tsaya, shi ke zaɓen a fara da bugu ko da jifa in ƙuri'a ta faɗo masa, shi ke yanke shawarar cewa makin da aka tara ya isa. Kuskurensa na sa'a guda yana iya rushe aikin kwana huɗu. Ga kuma wata wahala ta dabam. Wes Indis ba ƙasa ɗaya ba ce. Jamaika da Barbados da Tirinidad da Gayana da ƙananan tsibirai da yawa ne suke haɗa ƙungiya guda, kowacce da tutarta da gwamnatinta da kishinta. Saboda haka kyaftin ɗinsu madugu ne na ayarin da kowane fatake da garinsu.

Wanda yake so ya fahimci gardamar yau sai ya waiwayi ta jiya. Wes Indis ta shiga sahun manyan wasanni a 1928, kuma tun daga nan har shekara talatin da 'yan kai, al'ada ita ce Bature ko mai hasken fata daga gidan masu hali shi ke riƙe shugabanci, baƙar fata jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka su ke yin aikin. Joj Hedli, wanda ya fi kowa iya bugu a Wes Indis a zamaninsa, sau ɗaya tak aka ba shi jagorancin babban wasa, a Barbados cikin watan Janairu na 1948. A 1950 ƙungiyar ta je Ingila ƙarƙashin Jon Godad ta ci wasa uku, Ingila ta ci ɗaya, kuma duniya ta ga wasu samari uku 'yan Barbados, Firank Worel da Ebaton Wiks da Kilayid Walkot. A wasa ɗaya na wannan tafiya Worel shi kaɗai ya tara maki 261. Duk da haka da kujera ta zama babu kowa sai hukuma ta tsallake su ta ba Denis Atkinson, wanda bai kai su ƙwarewa ba, daga baya kuma ta sake kiran Godad a 1957, aka je Ingila aka sha kashi uku ba ko ɗaya.

Hujjar masu wannan al'ada ita ce shugabanci yana bukatar mutumin da ya iya zama da manyan Ingila da Ostareliya, ya iya jawabi a wurin liyafa, kuma wai baƙar fata na wannan tsibiri ba zai yi biyayya ga baƙar fata na wancan ba. Mutanen Nijeriya da suka ga shekarun neman mulkin kai sun san irin wannan magana sarai, domin kuwa da ita aka daɗe ana cewa lokaci bai yi ba tukuna. Amma adalci ya sa a faɗi abu ɗaya game da hukumar. Bayan kashin 1957 ta yi wa Worel tayin shugabanci, shi ne ya nemi uzuri saboda yana karatu a Jami'ar Mancesta. Nan ne aka naɗa Jeri Alekzanda, mutumin Jamaika wanda ya yi karatu a Kembirij, mai tsaron bayan turaku. Laifin hukuma ya fito fili ne da Worel ya gama karatu ya komo, aka bar shi ƙarƙashin Alekzanda sa'ad da Ingila ta zo a 1960.

A lokacin ne wani marubuci ɗan Tirinidad, C. L. R. Jems, wanda ke shugabancin jaridar jam'iyyar Dokta Erik Wiliyams, ya ɗaura yaƙi da alƙalami. Mako bayan mako yana rubuta cewa lalle a sauke Alekzanda a naɗa Worel kafin tafiyar Ostareliya, yana kafa hujja da yawan wasannin da Worel ya yi da sanin makamar wasa da girman da 'yan'uwansa ke ba shi. Ran 30 ga Janairu 1960, a filin birnin Fot-of-Sifen, 'yan kallo suka fusata da hukuncin alƙalin wasa, suka yi ta jifa da kwalabe har aka tsai da wasan ranar. Ruwa ba ya tsami banza. Jems ya nuna wa hukuma cewa fushin ya girmi hukuncin wannan rana, domin jama'a sun daɗe suna zargin ana zaɓe bisa launin fata da gidan da mutum ya fito. Ingila ta tafi da nasara, ɗaya ba ko ɗaya, kuma a wannan shekara aka naɗa Worel.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk mai bin tarihin wasan. A birnin Birisben cikin watan Disamba 1960 aka yi kwana biyar ana gwabzawa, aka tashi kowane ɓangare da maki 737 daidai wa daida, abin da ba a taɓa gani ba a babban wasa. Jo Solomon ɗan Gayana ne ya jefi turaku daga nesa ya fid da mutum na ƙarshe. Ostareliya ta ci jerin wasannin da biyu da ɗaya, amma a Melbon mutum 90,800 suka shiga kallo rana guda, kuma da baƙin za su tafi jama'a suka cika tituna suna yi musu ban kwana kamar su ne suka ci. Tun daga nan kofin da ƙasashen biyu ke takara a kansa ake kiransa da sunan Worel. A 1962 ya cinye Indiya biyar ba ko ɗaya, a 1963 ya cinye Ingila uku da ɗaya a gidanta. Tarayyar siyasa ta tsibiran, wadda aka kafa a 1958, ta wargaje a 1962, amma ƙungiyar da aka ce ba za ta bi baƙar fata ba ta zauna tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

Akwai abu biyu cikin wannan labari da masu gardama a yau suke yawan mantawa. Na farko halin wanda aka sauke. Alekzanda bai yi fushi ya koma gida ba. Ya bi Worel zuwa Ostareliya a matsayin mataimaki, ya tara maki 484 cikin wasanni biyar, har da 108 a birnin Sidni inda Wes Indis ta yi nasara. Na biyu kuwa maganar magaji. Worel wasa goma sha biyar kaɗai ya jagoranta, ya ci tara, kuma tun kafin ya ajiye sanda ya riga ya duba wanda zai miƙa wa. Mataimakinsa Konrad Hant yana sa rai, amma Worel ya ba da shawarar Gari Sobas, hukuma ta amince. Abin ya yi wa Hant ciwo, duk da haka ya tsaya ya yi wa Sobas aiki, kuma a 1965 suka cinye Ostareliya, karo na farko a tarihinsu. Worel ya rasu ran 13 ga Maris 1967 yana da shekara 42, ya bar gida a gyare.

Haka kuma labarin Kilayib Loyid ya isa darasi. An naɗa shi a 1974, ya ci kofin duniya na farko a 1975, sa'an nan ya kai ƙungiya Ostareliya a ƙarshen wannan shekara aka yi mata kaca-kaca, biyar da ɗaya. Da an bi son zuciyar masu ihu da an sauke shi nan take. Aka ƙyale shi, ya koma ya yi nazarin abin da ya kashe shi, ya tara masu jifa da tsananin sauri har huɗu a wasa guda. Ya sake cin kofin duniya a 1979, ya jagoranci manyan wasanni 74, ya miƙa wa Ricads a 1985. Daga 1980 har 1995 babu ƙasar da ta cinye Wes Indis a jerin manyan wasanni. A 1995 Ostareliya ta karɓe kofin Worel, kuma har zuwa kashin 2025 bai komo gida ba.

To, a gwada wannan da abin da aka gani a 'yan shekarun nan. A watan Oktoba 2014 'yan wasa suka watsar da ziyarar Indiya tun ba a gama ba saboda rigimar albashi, ba da daɗewa ba aka sauke Duwen Birabo aka ɗora wa Jeson Holda, yaro ɗan shekara 23, nauyin wasannin yini guda. Daren Sami ya ci kofin duniya na gajeren wasa sau biyu, a 2012 da 2016, kuma cikin shekarar da ya ci na biyun aka raba shi da kujerar. A 2021 aka karɓe shugabancin manyan wasanni daga Holda aka ba Kireg Biratwet, shi kuma ya sauka a 2025. Aka naɗa Roston Ces, wanda rabonsa da babban wasa tun 2023, aka tura shi gaban Ostareliya cikin 'yan makonni. A watan Yuni na wannan shekara Nikolas Puran, wanda ya taɓa riƙe shugabancin gajerun wasanni, ya yi sallama da wasan ƙasa yana da shekara 29 kacal, a zamanin da ƙungiyoyin kasuwa na Indiya da sauran wurare ke biyan gwani abin da hukuma ba za ta iya biya ba.

Masu neman a canja kyaftin suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa a 1960 canjin mutum ɗaya ne ya tashi ƙungiya daga barci, me zai hana a sake gwadawa? Suna cewa kyaftin da ba ya kawo maki da hannunsa ba shi da bakin tsawata wa kowa, kuma wannan gaskiya ce. Amma akwai bambanci babba tsakanin jiya da yau. A 1960 gwanaye na nan jibge, Sobas da Rohan Kanhai da Wes Hol da Lans Gibs, kuma wanda ya cancanta kowa ya san shi, son kai ne kaɗai ya tare masa hanya. Ƙungiyar da aka fitar da maki 27 kuwa ba a ga wani Worel zaune a gefe da aka hana shi haƙƙinsa ba. Ciwonta ya taso daga ƙarancin wasannin kwanaki a cikin gida, da filayen da ba su koya wa yaro haƙurin tsayawa yini guda yana bugu, da kuɗin waje da ke janye wanda ya fara tashe. Wanda ya ɗora wa kyaftin wannan duka ya bar jaki yana dukan taiki.

Saboda haka abin da ya wajaba a kan hukumar a bayyane yake. Ta zaɓi kyaftin bisa cancanta, ba tare da duba tsibirin da ya fito ba, domin rabon kujera tsakanin tsibirai ɗan'uwan rabonta ne bisa launin fata. Ta bayyana wa jama'a dalilin zaɓenta, gama ɓoye dalili shi ya haifi zargin da ya kai ga jifa da kwalabe a 1960. In ta naɗa, ta ba shi wa'adi na shekaru sanannu yadda kashi ɗaya ba zai kore shi ba, kamar yadda aka yi wa Loyid. Ta ajiye masa mataimaki matashi wanda zai riƙa jagorantar ƙungiyar tsibirinsa yana koyo, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda aka sauke kuma a sauke shi da mutunci, don ya iya tsayawa ya taimaki magajinsa kamar yadda Alekzanda ya yi.

Su kuma jama'a da 'yan jarida, haƙƙinsu ne su yi magana, kuma Jems ya nuna cewa alƙalami yana iya gyara abin da hukuma ta ɓata. Sai dai shi da ya ce a sauke wane, ya kawo sunan wanda ya fi shi, ya kuma kawo hujja da lissafi. Duk mai kiran a canja kyaftin a yau, a tambaye shi wa zai hau, kuma me zai yi da mutanen da ke hannu wanda na yanzu bai yi ba. In ba shi da amsa, to, ya juya ga hukuma ya tambaye ta labarin filaye da makarantu da albashi, domin daga nan ne magajin Worel zai fito in zai fito. Allah ya sa masu riƙe da al'amarin su ji.