Kun je Kumasi ko dai Zango kuka je?

Akwai wata ɗabi'a tamu da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa sai na amayar da ita ko da wasu za su ji haushina.

Mutum zai tashi daga Sabon Ibadan ko Agege ko Shagamu, ya sha wahalar bodar Seme da ta Aflawo, ya isa Kumasi ya yi sati biyu cur, in ya dawo ka tambaye shi me ya gano, sai ya ce maka ai Kumasi gida ce, kamar kana Fagge. To ina ka je? Aboabo, Asawase, Alabar. Ya sha koko da ƙosai, ya gaida dangi, ya leƙa kasuwar Kejetiya ya sayo atamfa. Fadar Manhyia fa? Nan take zai ɓata rai ya ce maka wannan ai gidan tsafi ne, me zai kai Musulmi can. Alhali daga Alabar zuwa fadar tafiyar ƙafa ce, ko kuɗin mota ba sai ya kashe ba.

Ni na je, na biya kuɗin shiga kamar kowa, kuma ina nan da imanina. Gidan da aka mayar gidan tarihi a 1995, Turawa ne suka gina shi a 1925 domin Sarki Prempeh na ɗaya, wanda suka kama a 1896 suka kai shi har tsibirin Seshel, bai dawo ƙasarsa ba sai 1924. Na kuma ga kayan zinariyar da sojojin Ingila suka kwashe, galibi lokacin da suka ƙone garin a 1874. A 2024 gidajen tarihi biyu na Landan suka dawo da guda 32, amma wai aro suka ba masu kayan na shekara uku. Ka ji ƙarfin hali, ɓarawo da ba mai kaya aro!

Ga abin da masu cewa gidan tsafi ne ba su sani ba, ko ba sa son su sani. Turawan da suka shiga Kumasi a 1817 da 1820 sun tarar da Musulmi malamai da fatake, yawancinsu daga Gwanja da Dagomba, suna da unguwarsu a tsakiyar gari, suna shiga fada, suna rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci. Babbar rigar yaƙin sarkin Tonawa, wadda suke kira batakari, cike take da layu, kuma malamai ne suka rubuta su. Kana iya cewa aikin layu bai dace ba, wannan zance ne na malamai, ban isa in sa baki ba. Amma ba ka isa ka ce mutanen can sun zauna a garin ido rufe ba. Sun san sunan sarki, sun san ranakun da ba a shiga fada, sun san wanda ake bi in an taɓa musu kaya, shi ya sa cinikinsu ya ɗore.

Akwai kuma ɓangaren da ba shi da daɗin ji. A 1900 Gwamna Hojsin ya tara manyan Tonawa ya ce a kawo masa Kujerar Zinariya ya hau, kujerar da ko sarkinsu ba ya zama a kanta. Ya Asantewa, uwar sarkin Ejisu, ta ja mutanenta suka kewaye Turawa a cikin ganuwarsu ta Kumasi wata da watanni. Su wa ke riƙe wa Turawa bindiga a ciki? Sojojin da ake kira Hausawa. Gaskiya ne Turawa duk wani ɗan Arewa da ya sa kaki Bahaushe suke ce masa, da yawansu ma bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, amma sunanmu ne ya shiga tarihi. Kuma zangon Kumasi bai cika ya batse ba sai bayan da Turawa suka karya Tonawa, ga shi Salaga, inda kakanninmu ke tsayawa sayen goro, yaƙin basasa ya watsa ta a 1892. Ganuwar tana nan, yanzu gidan tarihin soja ce. Ɗan Batone yana karanta wannan a makaranta. Kai da kake takawa a garinsa kana cewa gida ne, ba ka taɓa ji ba.

Wani zai ce to mene ne abin tada jijiyar wuya a kan yawon buɗe ido? Ba don Kumasi kaɗai nake wannan magana ba, don cutar nan ita muke fama da ita a inda muke zaune. An kafa Sabon Ibadan tun 1916, an haifi kakanni an haifi jikoki a ciki, amma ka tare matashinmu ka tambaye shi yadda ake hawa sarautar Olubadan, sai ya tsaya yana kallonka. Yarbanci kam yana jin na ciniki da na zagi. Mun ga abin da ya faru a Shagamu a 1999, inda rikici ya tashi a kan dokar fita da dare lokacin bikin Oro, aka yi asarar rayuka, ramuwar gayya ta kai har Kano. Babu wata al'ada da ta halatta jinin mutum, wannan ba na ja. Sai dai wanda ya san kalandar mai masaukinsa, ya san dattawan da ake magana da su tun kafin wuta ta kama, ya fi wanda bai san kowa ba sai ranar da zai gudu bariki.

Su ma 'yan uwanmu na Gana sun ɗanɗana. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su fice, mutanen da aka haifa a zango suka wayi gari a bayan manyan motoci sun nufi garuruwan da ba su taɓa gani ba. A 1983 mu ma muka yi wa 'yan Gana haka a zamanin Shagari, har jakar nan ta samu suna. Takarda ba ta tambayar shekara nawa ka yi a gari.

Abin da ya fi ba ni mamaki, sarakunan zangon Kumasi da kansu suna zuwa fada gaisuwa, da rawunansu da 'yan rakiyarsu, ba wanda ya ce sun bar addini. Sai kai baƙon sati biyu ne ka fi su tsoron Allah? Ba wanda ya ce ka durƙusa wa kujera ko ka zuba wa wani abu giya. Duk bayan kwana 42 ana bikin Akwasidae ranar Lahadi, Sarki Osei Tutu na biyu, wanda ya hau a 1999, yakan fito a gaishe shi in yana gari. In wannan ya yi maka nauyi, bar shi, ka je gidan tarihin a ranar aiki, ka tafi da yaranka, daga nan ku gangara ganuwar sojoji. Azahar ba za ta same ku a can ba, masallatan Alabar na nan kusa.