Kada mu jingine keke

Aikina shi ne zagaya ajujuwan yaƙi da jahilci, daga ƙauyukan Agye da Gazawa har zuwa na Gidan Runji. A gidaje da yawa nakan tarar da abu guda: keke jingine a gindin rumbu, taya ba iska, sarƙa ta yi tsatsa, kaji na kwana a kansa. In na tambayi dalili, sai a ce mini ai yanzu zamanin babur ne.

Ni kam ban yarda ba. Babur ya fi sauri, babu musu, amma ba ya motsi sai ya sha mai. Ku tuna da shekarar 2023. A watan Mayu gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur. Nan da nan man da ake sayarwa cikin kwalabe a bakin hanyoyin jihar Maraɗi ya yi tsada, masu kabu-kabu suka ƙara kuɗi. Mai keke kuwa, ya sha furarsa ya kama hanya kamar kullum.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiyar yara. Da damina zazzaɓin cizon sauro yake yawa, kuma a lokacin ne aljihu yake bushewa, don hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba. Yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi asibiti a ranar, kada a bari ya kwana biyu. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa iyaye kuɗin ganin likita na yara ƴan ƙasa da shekara 5. Nisan hanya kuwa yana nan. Kilomita 10 tafiyar awa 2 ce a ƙasa, ga goyo, ga rana. A kan keke, in hanya tana da ƙarfi, ba ta kai awa guda ba. Maigida ya tuƙa, uwa ta zauna a baya da yaro, ba su nemi rancen kowa ba.

Sai dai a kiyaye. Mace mai naƙuda, ko yaron da ya fara fizge-fizge, ba a ɗora su kan keke. A nan aikin keke shi ne a ruga a kira mota ko babur, ko a nemo amalanke.

Wani zai ce ƙasarmu jigawa ce, rairayi yana kama taya. Gaskiya ne, ni ma na sha sauka in tura, ina gumi. Amma ko turawa kake yi, kayan suna kan ƙarfe, wuyanka yana hutawa. Jarka 2 masu lita 25 kilo 50 ne na ruwa. Wa zai ɗauki wannan a ka daga rijiya? Haka taki zuwa gona mai nisa, haka wake, aya ko riɗi zuwa kasuwa. Wanda ya kai amfaninsa kasuwa da kansa yakan ji farashi da kunnensa. Ɗiyanmu mata ma, waɗanda makaranta ta yi wa nisa, ban ga laifin a koya musu hawa ba.

Gyaran ba wuya. A ajiye famfo da kayan faci a gida, don ƙaya ba ta rasa hanyoyinmu. A goge sarƙa, a sa mata mai kaɗan; in ya yi yawa rairayi yana mannewa ya cinye ta. A duba birki. Masu bin babbar hanyar kwalta da ta ratsa Gidan Runji, Agye da Gazawa su sa fitila in dare ya yi, su bi gefe, domin direban babbar mota ba ya hango keke cikin duhu.

Shawarata ga kowane aji ita ce: kafin ruwan farko, ɗalibai su rubuta sunayen masu keke a garinsu, a san wanda za a buga wa ƙofa in ciwo ya zo da dare. Wannan ma darasin rubutu ne. In na zo zagaye, zan nemi ganin takardar.