Kada A Kai Yaro Makaranta Kafin Ƙarfinsa Ya Kai

Wata mummunar al'ada tana yaɗuwa cikin gidajen masu bi daga Aouda zuwa Sokode, har can Dapaong. Da zarar yaro ya iya magana, sai uban ya saya masa kayan makaranta ya kai shi aji ɗaya, wato CP1, yana ɗan shekara 4. Alhali a ƙasar Togo shekara 6 aka tsayar domin shiga firamare. In malami ya ƙi karɓa, wasu sukan nemo takardar haihuwa wadda aka ƙara wa yaron shekaru a ciki. Wannan ƙarya ce, kuma ƙaryar Kirista ba ta zama gaskiya domin an buga mata hatimi.

Masu yin haka sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma tsiro ba icce ba ne, wanda ya matsa masa zai karya shi. A Togo da Faransanci ake koyarwa. Yaron da ya tashi da Hausa a zango, ko da Kotokoli a Sokode, ko da Moba a Dapaong, kaya biyu yake ɗauka rana guda, baƙon harshe da baƙon karatu. Ɗan shekara 6 yakan jure. Ɗan shekara 4 kuwa hannunsa bai saba da alli ba, zama wuri ɗaya yana yi masa wuya, barci yakan kwashe shi kafin tsakar rana. Tun da aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati a 2008 azuzuwa suka cika maƙil, malami ba shi da zarafin tsayawa a kan ƙarami ɗaya. Sai yaron ya faɗi, ya maimaita aji, 'yan ajinsu su yi masa dariya. Daga nan ya ɗauka a ransa shi daƙiƙi ne, ga shi kuwa ba daƙiƙi ba ne, lokacinsa ne bai yi ba. Irin wannan miki yakan bi mutum har jarrabawar CEPD, wani ma har girmansa.

Ko a Ingila an lura cewa yaran da aka haifa a watan Agusta, waɗanda su ne ƙanana a ajinsu, sukan kasa na watan Satumba a jarrabawa, sukan kuma rena kansu. Bambancin watanni ke nan kawai, balle na shekara biyu. A Finlan sai yaro ya kai shekara 7 yake fara firamare, ba a kuwa ce yaransu sun zama koma baya ba.

Littafin Farawa sura 33 ya nuna yadda Yakubu ya ƙi bin saurin Isuwa, ya zaɓi ya tafi a hankali daidai da ƙarfin yaransa da dabbobinsa. Ashe makiyayi ya san abin da wasu iyaye suka manta. Ba ƙaunar ilimi ke tura su ba, gasa ce da maƙwabta, ko kuwa neman inda za a ajiye yaro a tafi kasuwa.

Saboda haka ikkilisiya tana da aiki. Bari fastoci da dattawa su tsauta wa mai sauya shekarun ɗansa. Bari zumuntar mata ta shirya wurin reno inda ƙanana za su yi wasa, su yi waƙa, su ji labaran Littafi Mai Tsarki cikin harshensu. Iyaye kuma su yi wa jariri takardar haihuwa ta gaskiya tun yana goye, in ya cika 6 su kai shi ba tare da jinkiri ba. 'Ya'ya amana ce daga wurin Ubangiji, zai kuwa tambayi kowa yadda ya riƙe ta.