Sharhi: Ƙwayar Deksa da Amosanin Gaɓɓai a Kwarin Komadugu

Daga garin Diffa zuwa Geskeru da Boso, abincin talaka a hannunsa yake: dashen tattasai, jan koma, daka. Shi ya sa amosanin gaɓɓai ke karya gida. Wannan ba sanyin ƙashi na tsufa ba ne. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa gaɓoɓin mai ita, yatsun hannu biyu su kumbura, mutum ya tashi da safe a sandare har sama da awa guda, kuma mata ya fi kamawa. To sai mai tallan magani a faranti ya miƙo deksametazon (deksa) ko firedinizolon, kafin kwana biyu hannu ya saki.

Maganin yana aiki, babu musu. A 1948 likita Philip Hench na Amurka ya fara ba mai wannan ciwo kotizon, kakan waɗannan ƙwayoyi, sauƙin da aka gani ya kai shi ga lambar Nobel a 1950. Amma ba a jima ba likitoci suka ga farashinsa. Wanda ya shafe watanni yana sha, fuska za ta kumbura har a ce ya yi ƙiba, alhali suga da jini ne ke hawa, ƙashi na zaizayewa, yana na rufe ido, tarin fuka da ke kwance yana samun ƙofa. In aka haɗa da diklofenak, gyambon ciki na iya fashewa da jini. Don haka ƙwararrun Turai suka ce a ba da kaɗan, a janye a hankali cikin kamar wata 3, lokacin da maganin asali irin su metotireksat, da ake sha sau ɗaya a mako, yake kama jiki. Deksa kwale-kwale ne na tsallaka Komadugu, ba a kwana a cikinsa.

Wani zai ce Yamai ta fi kilomita 1300 daga Diffa, rashin tsaro tun 2015 ya raba mutane da gonakinsu, da me talaka zai biya gwajin jini? Maganar tana da nauyi. Sai dai wanda kuɗin gwaji ya gagara, jinyar ciwon suga har ƙarshen rai za ta fi gagararsa. Auna jini da suga kuwa ba sai an je Yamai ba. Nauyin hukumomin lafiya ne su wadata babban asibitin jihar Diffa da maganin asali da ma'aikatan da suka san bibiyarsa, musamman da yake metotireksat bai halatta ga mai juna biyu ba.

Ke baiwar Allah da kika daɗe kina shan deksa, kada ki yanke shi rana ɗaya, domin jikinki ya rage yin nasa sinadarin, yankewar na iya kisa. Ɗauki kwalin ki kai wa likita, ya tsara miki yadda za ki rage.